Giginya da Satiru: Tunawa da Mantuwa a Adabin Birnin Shehu

Baƙon da ya kwana biyu a Sakkwato zai ji sunan Giginya ya fi a ƙirga. Akwai filin wasa na Giginya, akwai barikin soja na Giginya, akwai otal, akwai makarantar sakandare. Idan ya tambayi asalin sunan, ba zai rasa mai gaya masa cewa a nan ne, a bayan ganuwar birnin, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na I ta ja dāgā da sojan Ingila ranar 15 ga Maris 1903. Amma da baƙon zai ƙara da tambayar hanyar Satiru, zai sha yawo kafin ya sami mai nuna masa, alhali kuwa tsakanin kufan garin da Sakkwato bai wuce mil 14 ba, kuma mutanen da aka kashe a can ranar 10 ga Maris 1906 sun ninka waɗanda suka faɗi a Giginya sau da yawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda adabi ya yi wa waɗannan ranaku biyu rabon gado, ya ba ɗaya kaso mai tsoka ya bar ɗayar hannu rabbana, da kuma irin tasirin da wannan rabo ya yi a kan yadda Sakkwato take kallon kanta.

Ya kamata a fara da abin da kowa ya sani. Bayan Kano ta faɗa hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairu 1903, sai rundunarsu ta nufo yamma. Karon Giginya bai daɗe ba, domin doki da mashi ba su da ta cewa a gaban igwa da bindiga mai ruwa. Abin da ya zauna a zukatan mutane daga wannan rana shi ne labarin waɗanda suka kewaye tutar Sarkin Musulmi suka ƙi gudu, har aka gama da su ɗaya bayan ɗaya. Attahiru ya fice ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa, har Allah ya yi masa cikawa a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903 tare da mutane fiye da 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yake ɗauke da sunansa har yau. A Sakkwato kuwa, Gwamna Lugga ya tabbatar da Muhammadu Attahiru na II a kan gado ranar 21 ga Maris.

Wannan labari ya sami gata a adabi tun daga ranar farko. Akwai waƙar zuwan Annasara ƙasar Hausa wadda ake dangantawa da shi Attahiru na I, wadda jigonta shi ne wajabcin hijira daga ƙasar da Nasara suka rinjaya. Akwai risalar Waziri Muhammadu Buhari da Larabci, inda ya yi wa ma'abota ilmi bayanin dalilin da ya sa shi da jama'arsa suka komo birni suka zauna ƙarƙashin baƙin mulki, bayan shawarar da malamai suka yi a Marnona. Waɗannan rubuce-rubuce biyu sun saɓa wa juna a kan hukunci, ɗaya ya ce a tafi, ɗaya ya ce a zauna a yi mu'amala da harshe a tsare zuciya. Duk da haka sun haɗu a kan abu guda: dukkansu muryar gidan Shehu ce da ta gidan Waziri Giɗaɗo, suna muhawara a tsakaninsu a kan makomar al'umma. Sakkwato ta rungumi duka biyun, kuma a ganina a nan ne aka aza harsashin hoton da birnin yake nunawa duniya, wato birnin da wasu 'ya'yansa suka yi shahada don kare addini, wasu kuma suka haɗiye baƙin ciki suka zauna don kada addinin ya rasa mai riƙo.

Ko Turawan mulki ba su yi wa wannan hoto rowa ba. A cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da R. M. East ya shirya a 1933 akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda jaruminsa barde ne da ya yaƙi Turawa a zamanin Sarkin Sudan na Kwantagora, ya yi ta kirari yana cika baki, sannan bayan doguwar tafiya a duniyar aljannu ya dawo ya tarar da sabon zamani ya kuma yi na'am da shi. Hukumar da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa ita ta buga wannan littafi aka shigar da shi makarantu. Ke nan barde mai takobi wanda ya yi yaƙi aka ci shi, daga baya ya sallama, ba ya tayar wa kowa hankali. Yana ma ƙara wa wanda ya ci shi daraja. A 1960 an mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na III tutar da Turawa suka ƙwace, a ƙarshen shekarun 1990 kuma Ahmed Yerima ya fito da wasan kwaikwayonsa na Ingilishi mai suna Attahiru, wanda ya tsayar da Sarkin Musulmi da Lugga fuska da fuska. Wasan yana da ƙarfi a wuraren da ya nuna muhawarar fada kafin yaƙi, amma labulensa a Burmi yake sauka, kamar dai yadda labulen ƙwaƙwalwar jama'a yake sauka.

To, mu waiwayi Satiru.

Ƙauye ne na malamai da manoma a kudu da Sakkwato, wanda ya tara talakawan da haraji ya kora da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu. Shekarun da suka biyo bayan 1903 shekaru ne na gudun bayi a duk faɗin ƙasar, domin dokar Lugga ta soke matsayin bauta a gaban shari'ar gwamnati, ko da yake ba a haramta bautar ɗungurungum ba sai 1936. A 1904 an kama shugaban garin bisa zargin da'awar Mahadi, ya rasu a tsare a Sakkwato, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A farkon 1906 sai ga wani malami makaho, Shu'aibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, ya iso daga yankin Dosso bayan Faransawa sun murƙushe boren Kobkitanda. Zuwansa ya rura wutar da take ci a ƙarƙashin toka. Mutanen Satiru suka auka wa maƙwabtansu na Tsomau waɗanda suka ƙi bin su, aka yi asarar rayuka. Ranar 14 ga Fabrairu, Muƙaddashin Razdan Hillary ya fita da sojan dawaki don ya kamo shugabannin. Mutanen da makamansu fartanya ne da gatari da kwari da baka suka tarwatsa rundunar, suka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood da sojoji 25, suka kuma ƙwace bindiga mai ruwa. Tun da Turawa suka shigo ƙasar Hausa ba a taɓa yi musu irin wannan kaye ba.

Ramuwar ta zo ranar 10 ga Maris a ƙarƙashin Manjo Goodwin, da sojoji fiye da 500, da kuma mahayan Sarkin Musulmi suna dafa musu baya. Mutanen Satiru suka yi ta tunkarar harsashi da ƙirji. Da aka karya su aka bi waɗanda suka gudu cikin daji. Ƙiyasin da masana tarihi suka fi kawowa shi ne an kashe mutum wajen 2,000, an kwashe mata da yara kimanin 3,000 an rarraba. Aka rushe garin, aka yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa aka zartar a kasuwar Sakkwato, Sarkin Musulmi kuma ya yi baki ga duk wanda ya sake gini a wurin. Abin ya kai har Winston Cocil, wanda a lokacin yake ƙaramin minista a ofishin ƙasashen mulkin mallaka a Landan, ya rubuta ƙorafi a kan yadda aka karkashe mutanen da kusan ba su da makami. Shi kuwa Sarkin Musulmi Attahiru na II lambar girmamawa ya samu daga Ingila saboda tsayuwar da ya yi.

Mai neman wannan labari a yau, a mujallun tarihi na Ingilishi zai fi samunsa. R. A. Adeleye ya yi maƙala a kansa a 1972, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka yi tasu a 1990, inda suka fito da rawar da bayi da talakawa suka taka. A manhajar adabin Hausa kuwa, ɗalibi yana iya gama digirinsa na farko ya nazarci waƙoƙin jihadi da na zuwan Turawa da na siyasa, ba tare da an tsayar da shi a Satiru ko na darasi guda ba.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce mutanen Satiru 'yan bidi'a ne masu da'awar Mahadi, alhali Shehu Usmanu da kansa ya rubuta ya kore wa kansa wannan matsayi, ya kuma gargaɗi jama'a game da masu da'awar ƙarya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a manta da jinin mutanen Tsomau ba, wanda masu son mayar da Satiru tatsuniyar 'yanci tsantsa sukan tsallake. Sai dai amsar ba ta ƙosar ba. Hijirar Attahiru na I ita ma cike take da tsammanin bayyanar Mahadi daga gabas. Burmi da aka yi shahadar a cikinta gari ne na mabiya Mahadiyya tun zamanin Malam Jibrilla Gaini. Da a ce tsammanin Mahadi shi yake hana mamaci shiga waƙa, da Burmi ma ba ta shiga ba. Bambancin da ya rage, idan aka tace, guda biyu ne: su wane ne suka mutu, kuma su wane ne suka kashe su.

A kan na farko, sai a dubi Haɗejiya. Makonni shida kacal bayan Satiru, a watan Afrilu 1906, rundunar Kanar Lowry Cole ta shiga Haɗejiya aka yi sa'o'i ana gwabzawa a cikin gari, aka kashe Sarki Muhammadu tare da 'ya'yansa da manyan bardensa. Har gobe Mai Shahada ake kiransa, kuma Bahaɗejen da zai gaya maka ko shi wane ne da wuya ya kai ƙarshen zancensa bai ambaci wannan rana ba. Shekara ɗaya ce, soja ɗaya ne, bindiga ɗaya ce. Amma a Haɗejiya sarki ne ya faɗi, saboda haka fada ta ɗauki makokin ta mayar da shi kirarin gari. Haka Kano ta yi wa Waziri Ahmadu wanda ya kwanta dama a Kwatarkwashi a 1903, shi ma Mai Shahada. A Satiru babu sarki, babu zuriyar da ta rage a kan karaga da za ta ɗauki nauyin makaɗi.

Wannan batu na makaɗi ba ƙarami ba ne, domin a ƙasar Hausa waƙar baka ita ce babbar ma'ajiyar tarihin da talaka yake ji. Makaɗin fada kuwa yana da ubangida, turken waƙarsa yabo ne, tubalansa asali da nasaba da jaruntakar kakanni. Salihu Jankiɗi ko Ibrahim Narambaɗa ko Sa'idu Faru ba za a zarge su da ɓoye tarihi ba. Sana'arsu ba ta da ƙofar da bawa gudajje zai shigo ta cikinta, sai fa a matsayin abin zambo. Mai neman Satiru a waƙar fada yana neman jini ne a jikin fara.

Bambanci na biyu ya fi ciwo. A Giginya da Burmi da Haɗejiya, mai kisa baƙo ne, don haka tunawa tana haɗa kan gari. A Satiru akwai hannun gida a ciki. Birnin da zai tuna da 10 ga Maris dole ya tuna cewa dawakinsa suna wurin, cewa a kasuwarsa aka zartar da hukunci, kuma cewa wani kaso na zaman lafiyar da sarauta ta samu da Turawa a shekaru hamsin da suka biyo baya daga wannan rana aka saye shi. Masana tarihi sun nuna cewa Satiru ce ta tabbatar wa Lugga da magadansa cewa ba su da abin dogaro kamar sarakuna, ta kuma tabbatar wa sarakuna cewa wanda aka yi shakkar biyayyarsa zai rasa rawani, kamar yadda ya faru ga Sarkin Gwandu da Sarkin Katsina Yero a wannan shekarar. Masanin nan na Faransa Ernest Renan ya yi wata lacca a 1882 inda ya nuna cewa al'umma ba ta ginuwa sai da mantuwa da wasu abubuwan da suka faru a tsakanin 'ya'yanta. Sakkwato ba ta karanta Renan ba kafin ta yi aiki da maganarsa.

Ba kuwa don birnin bai iya makoki ba ne. Da wuya a sami wata al'umma a Afirka ta Yamma da ta kai Sakkwato iya kukan mamatanta a rubuce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa abokansa da suka faɗi a yaƙe-yaƙen jihadi marsiyya, Nana Asma'u ta mayar da marsiyya wani fanni mai zaman kansa. Har yau ana ambaton Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa jama'ar Shehu sun rasa mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani 200. Adadin ya yi daidai da na Satiru, abin da ya isa ya sa mai nazari ya dakata. Wani abin lura kuma, a zaurukan wannan birni ne ɗalibai suke haddace ƙasidun mawaƙan Jahiliyya, waɗanda suke buɗewa da tsayuwa a kan kufai ana zubar da hawaye. An iya kukan kufan Larabawa da Larabci mai kyau. Kufan da yake tafiyar yini guda a ƙasa daga ƙofar gari an bar wa iska.

Harshe ma ya yi nasa aikin. Idan ana zancen 1903, kalmomin da suke zuwa baki su ne hijira da shahada da jihadi. Idan aka zo 1906 sai a ji tawaye ko bore ko fitina. Waɗannan kalmomi uku duk suna nuni ne ga abin da mutanen Satiru suka aikata a watan Fabrairu. Abin da aka aikata musu a watan Maris ba shi da suna, an cusa shi cikin cewa an kwantar da fitina, alhali Hausa ba ta rasa kalmar ba: kisan kiyashi. Irin wannan ya taɓa faruwa a Mancesta ta Ingila, inda ranar 16 ga Agusta 1819 mahaya, cikinsu har da 'yan sa-kai na garin, suka auka wa taron masu neman 'yancin zaɓe suka kashe mutum goma sha wani abu, abin da ake kira Peterloo. Allon da aka kafa a wurin ya daɗe yana cewa an watse taron ne kawai. Sai a 2007 aka sauya shi da wanda ya ambaci kisa, a 2019 kuma aka gina abin tunawa. A yau Mancesta tana alfahari da Peterloo a matsayin shaidar cewa ita gari ce ta ma'aikata masu neman haƙƙi. Ta ɗauki kusan shekara 200 kafin ta kai nan, kuma mawaƙa da marubuta ne suka riƙe zancen a tsawon lokacin da hukuma ta kawar da kai.

Me wannan shiru ya yi wa Sakkwato? Kirarin da jihar take ɗauke da shi shi ne cibiyar Daular Usmaniyya, kuma a 2004 an yi gagarumin bikin cikar daular shekara 200. Shekarar 2006 ta zo ta wuce ba tare da wani taro mai kama da wannan ba. Hoton da ya fito daga irin wannan zaɓe hoto ne na gari mai murya ɗaya, inda malami da basarake da talaka suka tsaya a sahu guda a gaban baƙo. Hoto ne mai kyau, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Illarsa ita ce ya rage wa birnin faɗi. Ya fitar da bawa daga tarihin gwagwarmaya, alhali nasara mafi girma da aka taɓa samu a kan sojan Ingila a ƙasar Sakkwato da hannunsa aka same ta. Ya kuma bar zuriyar waɗancan mata da yara 3,000, waɗanda babu makawa jikokinsu suna nan cikin jama'ar yankin, ba su da wani labari da za su kira nasu. Ni a ganina wannan ya fi rashin allo ko gini muni, domin mutumin da aka hana shi labarin kakarsa an rage masa wani abu daga zama ɗan gari.

Ban ce a sauke Giginya a ɗora Satiru ba. Wannan zai zama maimaita laifin ne ta wata fuska. Marubucin da zai mayar da Ɗan Makaho waliyyi marar aibi, ya mayar da fada gungun maciya amana, farfaganda zai rubuta, kuma masu karatu a Sakkwato za su yi watsi da ita da hujja. Sarkin Musulmi Attahiru na II ya ga abin da igwa ta yi a 1903, ya san abin da zai sami birnin idan aka zarge shi da hannu a kisan Razdan, kuma a idonsa mutanen Satiru masu fita daga ɗa'a ne da suka zubar da jinin Musulmi maƙwabtansu. Wannan matsayi ne da ya cancanci a ba shi bakinsa a cikin wasa ko ƙagaggen labari, a kuma ba matar da aka kora daga kufan mijinta nata bakin, a bar su su fuskanci juna.

Ga matasan marubutanmu da suke kukan rashin jigo, tauraron wannan labari yana nan a tarihi yana jira, ba sai an ƙago shi ba. Marafa Muhammadu Maiturare yana cikin manyan da suka jagoranci rundunar Sarkin Musulmi a Giginya a 1903, ya tsaya a gaban bindigar Turawa. Bayan shekara uku, shi ne ya fita da mahayan Sakkwato zuwa Satiru kwanaki kaɗan bayan kashe Hillary, aka kora su, sannan aka komo tare da Goodwin. A 1915 ya zama Sarkin Musulmi, ya yi mulki har 1924, ɗansa Muhammadu Tambari ya gaje shi. Da yawa daga cikin mahayan da suka bi shi Satiru su ne dai waɗanda suka tsaya tare da shi a Giginya, wataƙila ma wasunsu a kan dawakin da suka hau a wancan karon.